Idan Mawaƙi Ya Sayar da Waƙarsa, Shi Ke Nan Ta Tafi?

  Yau maganarmu ta ciniki ce, cinikin kayan da ba a ɗaurawa a buhu, ba a aunawa a mudu, wato waƙa. Mawaƙi ya tsara waƙarsa, ya rera, wani ya ba shi kuɗi, ya sa hannu a takarda ya ce ya sallama. Bayan shekaru waƙar ta zama rijiyar kuɗi, mawaƙin kuma ya dawo yana cewa a ba shi abinsa. Shin yana da gaskiya, ko kuwa ƙyashi ne kawai ya taso masa da ya ga wani yana cin riba?

Ba zan amsa yanzu ba. Ku biyo ni Afirka ta Kudu tukuna.

A shekarar 1939, a birnin Johannesburg, wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin naɗar murya na kamfanin Gallo tare da 'yan amshinsa, waɗanda ake kira Evening Birds. Suka naɗi wata waƙa mai suna Mbube. Linda ba ya iya karanta takarda. Abin da aka ba shi, kamar yadda masu tarihin waƙar suka ruwaito, sule 10 ne. Waƙar ta karɓu ƙwarai, har an sayar da faifai kusan 100,000 a cikin shekaru goma na farko. Shi kuwa mai waƙar, aikin da ya samu a kamfanin shi ne shara da ɗaure faya-faye a kwali.

Daga nan faifan ya tsallaka teku ya faɗa hannun wani mawaƙin Amurka, Pete Seeger, wanda ya sake rera ta da ƙungiyarsa a farkon shekarun 1950 da sunan Wimoweh. A 1961 aka ɗora mata baitocin Turanci, wata ƙungiya mai suna Tokens ta rera, ta zama The Lion Sleeps Tonight, ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1962, Solomon Linda ya rasu da ciwon ƙoda, cikin talauci. Sai bayan shekara 18 iyalinsa suka samu halin sa alama a kabarinsa. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar a fim ɗin The Lion King, wanda ƙila yaran gidanku sun kalla. A shekarar 2000 wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin lamarin ya rubuta a mujallar Rolling Stone, inda ya ƙiyasta cewa waƙar ta samar da kimanin dala miliyan 15. A lokacin 'ya'yan Linda mata suna zaune a Soweto, suna fama da abin kaiwa baki.

To, jama'a, a duba takarda: Linda ya sayar. Ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Idan mun ce ciniki ya faɗa shi ke nan, to babu sauran magana, sule 10 ɗin nan shi ne rabonsa a duniya. Akwai wanda zuciyarsa ta kwanta da wannan hukunci? Ni dai tawa ba ta kwanta ba.

Amma kafin mu yi wa masu saye rubdugu, adalci ne mu ji ta bakinsu, don hujjarsu ba ta wasa ba ce. Wanda ya sayi waƙa kasada ya yi da dukiyarsa. Shi ya biya kuɗin situdiyo, ya biya makaɗa, ya buga faifai, ya yi talla, ya bi gidajen rediyo. Kowa a harkar ya san yawancin waƙoƙin da ake naɗa ba sa mayar da kuɗin da aka kashe musu. Guda ɗaya da ta fashe ita ke ɗaukar nauyin asarar sauran. Idan waƙa ta faɗi, ba mawaƙin da ke komawa ya ce wa kamfani ga kuɗinka, na ji tausayinka. To don me idan ta ci, sai ya dawo ya ce a warware ciniki? Kuma in aka ce kowane mawaƙi yana iya ƙwace waƙarsa ranar da ya ga dama, wa zai sake zuba kuɗi a kan yaron da ba a san shi ba? Wanda zai fara shan wahala shi ne sabon mawaƙin da ke neman wanda zai ɗaga shi. Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa kasuwanci ya san daɗin amana da cika alkawari.

Akwai ma mawaƙan da ba su da bakin kuka ko kaɗan. A ƙarshen 2020 Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta, sama da 600, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya haura dala miliyan 300. Bayan shekara guda Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a kan kimanin dala miliyan 500. Waɗannan dattawa ne da suka kwashe shekaru hamsin ko fiye a sana'a, da lauyoyinsu da akantocinsu a gefe, sun san abin da suke riƙe da shi, an yi musu tayi sun sallama da idonsu biyu. Idan ɗayansu ya waye gari ya ce a mayar masa, ba zan goya masa baya ba, kuma ba na jin akwai alƙalin da zai saurare shi.

Ashe ke nan ba kowane ciniki ne ɗaya da wani ba. Kalmar sayarwa ta haɗa Dylan da Linda, amma tsakaninsu akwai nisa. Ɗaya ya san farashin kayansa a kasuwa, ɗayan ko kasuwar bai san akwai ta ba.

Addininmu ya riga ya yi magana a kan irin wannan. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shigo gari su ji farashi. Kuma a ruwayar Muslim, idan aka yi haka, mai kayan yana da zaɓi in ya iso kasuwa: ya bar cinikin ko ya warware. Ku lura, bafatake ya yarda da bakinsa, ya karɓi kuɗinsa da hannunsa, amma duk da haka aka bar masa ƙofa, domin yardar da aka samu a kan rashin sani ba cikakkiyar yarda ba ce. Sabon mawaƙi, a ganina, bafatake ne da aka tare a hanya. Bambancin kawai shi ne kasuwar waƙa tana da nisa. Sai bayan shekara goma ko ashirin ake sanin abin da waƙa ta kai, kuma a ranar ciniki shi kansa mai saye hasashe yake yi. Wani zai ce ai waƙa ba dukiya ba ce balle a yi mata wannan ƙiyasi. To majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a ƙarshen 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙima a shari'a, ba ya halatta a keta su. Maganar wace waƙa ce ta halatta, wace ce ba ta halatta ba, wannan fagen malamai ne, ba shi muke tattaunawa yau ba.

Yanzu bari in warware wani abu da ke rikita mutane da yawa, har da su kansu mawaƙan. A cikin kowace waƙa da kuke ji a rediyo akwai dukiya iri biyu. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitocinta da karinta, wannan na wanda ya tsara ne. Ta biyu ita ce muryar da aka naɗa a situdiyo a rana kaza, uwar faifai, wadda 'yan sana'a ke ce wa masta. Galibi wanda ya biya kuɗin naɗi shi ke riƙe wannan. Mutum yana iya sayar da ɗaya ya riƙe ɗaya. Wanda bai san wannan bambanci ba, sai ya sa hannu sau ɗaya ya rabu da duka biyun.

Wannan bambanci shi ya ceci Taylor Swift, mawaƙiyar Amurka da labarinta ya cika duniya a 'yan shekarun nan. Tana 'yar shekara 15, a 2005, ta ƙulla yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani a Nashville mai suna Big Machine. Ta yi masa kundi shida daga 2006 zuwa 2017, kuma uwar faifan duka shidan ta kamfanin ce. A watan Yunin 2019 aka sayar da kamfanin ɗungurungum ga wani ɗan harkar waƙa, Scooter Braun, a kan kusan dala miliyan 300. Swift ta fito ta ce ta daɗe tana neman a sayar mata da aikinta ba a ba ta dama mai kyau ba. Shugaban kamfanin kuwa ya ce an yi mata tayi ta ƙi. A 2020 aka sake sayar da faya-fayen ga wani kamfanin zuba jari, Shamrock. Aikin ƙuruciyarta yana ta sauya hannu, ita kuma tana kallo.

Me ta yi? Ba ta je kotu ta ce a soke ciniki ba, don ta san takarda ba ta tare da ita. Amma ita ce ta rubuta waƙoƙin, ita kaɗai ko tare da wasu, kuma wa'adin da ya hana ta sake naɗarsu ya fara ƙarewa. Sai ta koma situdiyo ta sake rera su daga farko. Tsakanin 2021 da 2023 ta fitar da sababbin naɗi na kundi huɗu, ta roƙi masoyanta su saurari nata su bar tsofaffin, suka kuwa amsa. A ƙarshen watan Mayun 2025 ta sanar cewa ta saye tsofaffin faya-fayen gaba ɗaya, kuma rahotanni sun ce ta biya kimanin dala miliyan 360.

Mutane da yawa sun yi ta murna da wannan labari, suna cewa gaskiya ta yi halinta. Ni abin da na gani daban ne, kuma ya dame ni. Yarinyar nan ba kyauta aka mayar mata ba, saya ta yi. Ta iya saya ne don tana cikin mawaƙan da suka fi kowa kuɗi da magoya baya a doron ƙasa. Mawaƙa nawa ne za su iya sake naɗar kundi huɗu, su ja miliyoyin mutane su bi su? Haka mawaƙi Prince ya yi ta fama da kamfanin Warner tun shekarun 1990, har yana rubuta kalmar bawa a kumatunsa, bai samu faya-fayensa ba sai 2014, shekara biyu kafin mutuwarsa. Mawaƙi John Fogerty kuwa, kamfanin da ke riƙe da tsofaffin waƙoƙinsa ne ya kai shi kotu, wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da wata tsohuwa da shi ɗin ya rubuta da hannunsa. Ya shiga kotu da jitarsa ya kaɗa wa masu yanke hukunci, ya yi nasara a 1988, amma sai a 2023, yana da shekara 77, ya samu ya sayi kaso mafi rinjaye na waƙoƙin nasa. Idan hanyar dawo da waƙa ita ce ka zama hamshaƙin attajiri ko ka yi tsawon rai, to an rufe wa mafi yawan mawaƙa ƙofa ke nan.

Shi ya sa maganar ta koma wurin doka, kuma ƙasashe da dama sun riga sun gane haka. Ku tuna 'ya'yan Solomon Linda. Abin da ya cece su wata tsohuwar dokar Ingila ce ta 1911, wadda ke aiki a Afirka ta Kudu lokacin da aka yi cinikin. Dokar ta ce ko marubuci ya sayar da haƙƙinsa, bayan shekara 25 da mutuwarsa haƙƙin zai koma ga magadansa. Wani lauya mai suna Owen Dean ya zaƙulo wannan sashe, aka shigar da ƙara a 2004, har kotu ta ba da izinin riƙe tamburan kasuwancin Disney da ke rajista a ƙasar kafin a yi shari'a. A watan Fabrairun 2006 aka yi sulhu da kamfanin Abilene Music mai riƙe da waƙar: aka biya iyalin kuɗin baya, aka yanka musu kaso na gaba, aka kuma rubuta sunan mahaifinsu cikin waɗanda suka tsara waƙar. Shekara 44 bayan ya kwanta dama.

Amurka ma, duk da yadda take girmama kwantiragi, dokarta ta 1976 ta ba marubuci damar ya soke sayarwar da ya yi bayan shekara 35, ga duk cinikin da aka ƙulla daga farkon 1978. Kuma ko an rubuta a takarda cewa ya yafe wannan dama, rubutun ba ya aiki. Dalilin da 'yan majalisarsu suka bayar shi ne wanda muka faɗa ɗazu: mai ƙirƙira ba shi da ƙarfin ciniki a farkon tafiya, kuma ba a sanin darajar aiki sai an gwada shi a kasuwa. Tarayyar Turai ta bi wata hanyar a 2019. Ta ce idan kuɗin da aka ba mawaƙi ya zama ɗan mitsitsi in an gwada da abin da aikin ya kawo daga baya, yana da haƙƙin neman ƙari. A nan ba a ƙwace waƙar daga mai saye, rabon ake gyarawa.

Akwai kuma abin da ba ya sayuwa sam. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin wallafa, wadda Nijeriya da Nijar duk suna cikinta, tun 1928 ta tanadi cewa ko mutum ya sayar da duk wani haƙƙin kuɗi, yana nan da ikon a ambaci sunansa a matsayin mai aikin, da ikon hana a lalata aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Saboda haka wanda ya sayi waƙarka ya sayi ribarta. Ba shi da ikon goge sunanka ya ce shi ya tsara.

Wani mai saurare zai ce, malam, duk wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu? Ruwanmu ne tsundum. A da, makaɗin Hausa ba ya sayar da waƙa. Yana rerawa a gaban sarki ko attajiri, a ba shi riga, doki, kujerar Makka ko mota, waƙar kuma tana nan a bakinsa, gobe ya sake rera ta a wani dandali. Da na'urar naɗi ta zo, sai murya ta rabu da mai ita, ta zama kayan da ake iya sayarwa ko ba ya nan. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma yau ɗin nan ana tura waƙoƙinsu a wayoyi a bakin kasuwa, ana ɗora su a YouTube, dubban mutane suna saurare. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa inda amfanin wannan sauraro yake zuwa.

Ga kuma yaranmu na yanzu a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi. Yaro ya kwana yana tsara baiti, ya je situdiyo da bashi. Furodusan fim ko wani mai tasha a intanet ya ji waƙar ta yi masa, ya ce nawa zan ba ka ka bar mini. A yi ciniki a tsaye, a tura kuɗi ta waya, ba takarda, ba shaida. Yaron yana ganin ya sayar ne a sa a fim ɗaya. Mai saye kuwa a ransa ya saye ta har abada, da muryar, da baitin, da duk abin da za ta kawo. Ranar da waƙar ta fashe, sai zumunci ya lalace, a koma zage-zage a Facebook da TikTok. Kuma sau da yawa ba wanda ya yi niyyar cuta, kowa da abin da ya fahimta ranar cinikin. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan cinikin baka yana cutar da mai saye kamar yadda yake cutar da mai sayarwa. Dokar kuma ta ba waƙar da aka tsara kariya har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Ku auna wannan da kyau: yaro ɗan shekara 20 da ya sa hannu ya sallama waƙarsa baki ɗaya, ya sayar da abin da jikokinsa za su gada, a kan kuɗin da watakila ba zai kai shi ƙarshen wata ba.

To ga amsata ga tambayar da muka fara da ita. Mawaƙin da ya sayar da saninsa, a kan farashin da ya dace, ba shi da hurumin tayar da ciniki don ya ga riba ta zo. Alkawari kaya ne, kuma mai saye ya cancanci ya ci moriyar kasadarsa, ya ci sosai ma. Amma ban yarda cewa sa hannu ɗaya na ranar yunwa ya isa ya raba mutum da zuriyarsa da aikinsa har abada ba. Shekara 20, 30 ko 35 sun ishi kowane ɗan kasuwa ya mayar da jarinsa ya ninka. Bayan nan waƙa ta koma gida, ko a zauna a sake ciniki a kan farashin da kowa ya gani da idonsa. Ina ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin mawaƙanmu da 'yan majalisarmu za su nemi a sa irin wannan wa'adi a dokokinmu ƙarara, yadda ba sai mai kuɗin lauya ne kaɗai zai amfana ba.

Kafin a kai can, ku mawaƙa, musamman ƙannena masu tasowa, kariyarku tana hannunku ranar ciniki. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. In da Turanci aka rubuta, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka layi-layi, in da hali lauya. Ka tambaya a fili: baitin nake sayarwa ko naɗin, ko duka biyun? Na fim ɗaya ne ko na ko'ina? Na shekara nawa? In za ka iya, ka ba da haya na wa'adi maimakon sallamawa, ko ka karɓi kuɗi kaɗan yanzu tare da kaso a duk abin da waƙar za ta kawo. Ka tabbata sunanka yana jikin waƙar duk inda aka ɗora ta, ka kuma adana kwafin takardar inda iyalinka suka sani. Ku kuma masu saye, furodusoshi da 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. In waƙa ta kawo abin da ba ku zata ba, ku kira mai ita ku ƙara masa tun bai nema ba, kuma ku rubuta komai don ku ma ku tsira da dukiyarku.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya san wani mawaƙi da ke shirin sayar da waƙarsa, don Allah ya isar masa da wannan saƙo kafin ya sa hannu.